Ƙusar da Ta Fita da Kanta

Duk abin da Mai Kofato ya ciro daga ƙafar doki, ba ya yar da shi. Ƙusa ce ko guntun waya, sai ya dafe da farcen babban yatsa daidai inda abin ya tsaya a bakin rami, ya ɗauki magagari ya ja zane ɗaya a wurin, sannan ya jefa shi cikin wani tsohon gwangwanin fenti da ke bisa kanta. In aka tambaye shi amfanin zanen, sai ya ce shi ma bai sani ba, haka ya tarar da ubansa yana yi. Shekara arba'in da 'yan kai gwangwanin yana ci, har ta kai in matarsa za ta share kantar sai ta kira shi ya ɗaga mata.

Rumfarsa tana ƙarshen layin masu katako, inda kwalta ta gaji ta tsaya. Rufin kwano ne, da maƙera a tsakiya, da zobba biyu na ƙarfe a jikin bango inda ake ɗaure dawaki. A baya akwai 'yar ƙofa da ke faɗawa kai tsaye cikin kicin ɗin gidansa, don haka duk abin da aka faɗa a rumfa uwargida ta ji, duk abin da aka soya a kicin dawaki sun shaƙa. Sunansa na yanka kuwa tuni ya shige ƙarƙashin sana'a. Ita kanta uwargidan, in ranta ya ɓaci, Mai Kofato take ce masa. In ana zaman lafiya, Baban Auta.

Mutum ne marar gaggawa. In aka kawo masa doki mai ɗingishi, ba ya fara tambayar mai shi. Sai ya ɗaga ƙafar ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa, ya bi kofaton da 'yar guduma, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kansa a karkace kamar mai sauraron faɗan maƙwabta. Daga nan ya sa tafin hannu ya ji zafi, ya sa hanci ya ji wari. Sai ya gama duk wannan zai ɗago ya dubi mai doki, ya ce, "To, faɗi naka." Yakan ce doki bai iya ƙarya ba, shi ya sa yake fara jin ta bakinsa.

'Ya'yansa huɗu. Uku sun tsere wa warin ƙonannen kofato tun da wuri. Autarsu, mace, ita ta tsaya, ta ma zarce, don makaranta ta tafi ta karanto likitancin dabbobi. Ta dawo da wata 'yar mota mai ƙugi, a bayanta akwai akwatin da ba ta yarda kowa ya taɓa. A ciki na'urar hoton ƙashi ce, irin wadda ake ɗauka a hannu, da wani baƙin faifai da ake jingina wa ƙafar doki, da kwamfutar da hoton ke fitowa a fuskarta. Ranar da ta fara nuna masa, ya zagaya akwatin sau biyu, ya ƙwanƙwasa shi da 'yar gudumarsa, ya ce bai ji komai a ciki ba.

Abu ɗaya ta roƙe shi a ranar.

"Baba, don Allah, in aka kawo maka doki da ƙusa a tafin ƙafa, kada ka cire. Ka kira ni."

"In bar ƙusa a ƙafar doki?"

"Na ɗan lokaci ne. Ƙarfe yana fitowa fes a hoto. In tana ciki, zan ga inda ta nufa da inda ta tsaya. In ka zare ta, ramin zai haɗe bakinsa, sai mu koma lalube."

"Mu wa? Ni ban taɓa lalube ba."

"To ni ina yi. Ka taimake ni."

Ya ce, "To."

Daga kicin aka ji uwargida ta yi tari. Ta san irin wannan "to" ɗin. Shi ya ba ta a kan gyaran tagar ɗaki tun Auta tana goye.

Uwargida tana da ƙane guda, gajere, shi ya sa duk layin ke kiransa Dogo. Sana'arsa dakon katako a amalanke, kuma goɗiya ɗaya ce ke jan amalanken, wata ja mai farin goshi da ake kira Sai-Anjima. Ba ta ƙin aiki, ba ta harbi, ba ta cizo, amma ba a haifi wanda zai sa ta sauri ba. Shekara goma sha uku suna tare. Tun da matar Dogo ta rasu, da ita yake hira a hanya, kuma masu katako sun shaida ya fi samun amsa daga gare ta fiye da daga mutane. Ya sha faɗa cewa ranar da ta daina aiki shi ma ya daina, don ba shi da sauran shekarun koya wa wata hanyoyin kasuwa.

Da ta fara jan ƙafar gaba ta hagu, Dogo ya ɗauka sabon salo ta fito da shi. Ya yi mata nasiha, ya ƙara mata hatsi, ya rage mata kaya. Sai da aka kwana huɗu, ya wayi gari ya tarar da ita tsaye a ƙafa uku, zufa ta jiƙa wuyanta, abincin jiya yana nan ba ta taɓa ba. Daga gidansa zuwa rumfar surukin nasa tafiyar minti biyar ce. Suka yi ta a awa guda.

Mai Kofato ya ɗaga ƙafar, ya ji ta kamar an fito da ita daga tukunya. Ya ƙwanƙwasa gaba, goɗiya ta motsa. Ya ƙwanƙwasa wajen dunduniya, ta zabura har zoben bango ya yi ƙara. Ya ɗauki wuƙar kofato ya fara kankare busasshen taɓon da ya daskare a tafin. A gefen tsokar nan mai laushi da ke tsakiyar kofato, cikin kwarmin da datti ke maƙalewa, wuƙar ta ci karo da wani abu. Kan ƙusa ne, ya nutse, ya yi baƙi.

Abin da ya biyo baya, har ya bar duniya bai yarda shi ya yi ba. Ya ce hannu ne. Kafin kansa ya tuna da Auta da akwatinta, awartaki ya riga ya kama, ƙusa ta riga ta fito, farce ya riga ya dafe, magagari ya riga ya ja zane. Sai da ya ji ƙarar faɗawarta cikin gwangwani, kwal, sannan ya tsaya cak.

"Yaya, lafiya?" in ji Dogo.

"Auta ta ce kada in cire."

"Ai ka cire."

"Na gani."

Suka dubi juna. Suka dubi gwangwani. Sai-Anjima ta dube su duka biyun.

Dogo ya matso, ya rage murya. "To ka mayar mana."

Magana ta gaskiya, Mai Kofato bai ce a'a nan take ba. Ya ma sa hannu cikin gwangwanin ya ciro ƙusar, yana juya ta a haske. Doguwa ce, mai tsatsa, irin ta tsohon akwatin kaya, zanen magagarin yana ƙyalli a wuyanta.

"Mai Kofato."

Uwargida ce a bakin 'yar ƙofa, wuƙa a hannu ɗaya, rabin albasa a ɗayan.

"In ka mayar da ƙusar nan, wallahi ni zan faɗa mata. Kai kuma Dogo, kwana huɗu baiwar Allah tana gaya maka, kana yi mata wa'azi. Ku biyun nan in aka haɗa ku ba a sami mutum ɗaya ba."

"Yaya, ai shawara ce kawai muke..."

"Rufe mini baki. Na riga na kira ta."

Ƙusa ta koma gwangwani. Kafin ƙugin motar ya iso, surukan biyu sun daidaita magana.

Likita ta shigo da akwatinta, ta gaida mahaifinta, ta gaida kawunta, ta durƙusa wajen goɗiyar. Ta dafa jijiyar da ke bayan ƙafar, ta ji tana bugawa da ƙarfi. Ta dubi tafin kofaton.

"Inna ta ce ƙusa ce. Ina take?"

"Ta fita," in ji Mai Kofato.

"Ta fita?"

"Da kanta," in ji Dogo. "A gabana. Yana ɗaga ƙafar sai ta zame. Ai ƙusoshin yanzu ba su da riƙo."

Likita ta miƙe, ta tafi wajen kanta, ta leƙa gwangwanin da ta sani tun tana rarrafe. A saman tsofaffin ƙusoshi akwai guda mai danshi. Ta ɗauko ta da yatsu biyu.

"Ikon Allah. Ta fita da kanta, ta ɗauki magagari ta ja wa kanta zane, ta hau kanta ta shiga gwangwani."

"Ai a rumfar nan ta faɗo," in ji uban, yana duban rufin kwano. "Ta ga yadda ake yi."

Dariya ta so ƙwace mata, amma da ta gwada tsawon ƙusar da yatsanta, daga tsini zuwa zane, sai fuskarta ta sauya. Ta zaunar da kawunta a kan benci, ta yi masa bayani a hankali. Ta ce a cikin kofato, can baya kusa da dunduniya, akwai gaɓa, da jijiya, da wata 'yar jakar ruwa da jijiyar ke zamewa a kanta. In ƙusa mai wannan tsawo ta nufi baya, to ta kai can, kuma kwana huɗu ya ishi ruɓa ta zauna. In haka ne, aiki ne na babban asibiti, kuma ko an yi ba kowane doki ke tashi ba. In kuwa gaba ta nufa, da sauƙi, mugunya ce ta taru take neman hanya.

"In ba ta tashi ba fa?" in ji Dogo.

"Kawu, bari mu gani tukuna."

Dogo ya cire hularsa ya riƙe ta a gwiwa. Daga nan bai sake cewa ƙusoshin yanzu ba su da riƙo ba.

"Baya ne," in ji Mai Kofato. "A dunduniya ta zabura. Ki ba ni wuri in bi ramin da wuƙa, in buɗe shi ya zubar. Ana ɓata lokaci."

"In ka bi baya, kuma ba can ta nufa ba, kai da hannunka za ka buɗe wa ruɓa ƙofar gaɓa. Baba, ka bar ni in ɗauki hoto."

"Hoton me? Ƙusar ai ta fita."

"Da kanta," in ji uwargida daga ƙofa.

Likita ta yi wa goɗiyar allurar da za ta natsar da ita, da wata a bayan ƙafa da ke kashe zafin kofato. Ta wanke tafin da sabulu da magani har sau uku. Amma da ta nemi ramin, babu. Kofato ya haɗe bakinsa kamar yadda ta faɗa tun farko. Ta duba da tocila, ta danna nan, ta danna can. Uban yana tsaye a bayanta, hannuwa a baya, yana numfashi da ƙarfi yadda za ta ji.

"To zo mana," ta ce, ba ta juyo ba.

Ya karɓi ƙafar. Ya sa wuƙa ya share wata 'yar fata siririya, kamar ɓawon albasa, ya ƙara wata. Sai ga ɗigon baƙi, bai kai ƙwayar gero ba.

"Ga ƙofarki, Likita."

Ta fito da wani siririn tsinken ƙarfe mai dakusasshen baki daga cikin takardarsa. Shi za ta zura cikin ramin ya tsaya a madadin ƙusa, ya fito a hoto. Wahalar ita ce sanin inda za a tsaya, don in aka tura shi ya wuce inda ƙusa ta kai, an yi sabuwar ɓarna. Ta ajiye ƙusar a kan auduga, ta gwada daga tsini zuwa zanen magagari, ta naɗa filasta a jikin tsinken daidai wannan tsawo.

"Da ba don zanen nan ba," ta ce, kamar da tsinken take magana, "da ban san iyakata ba."

Mai Kofato ya dubi Dogo. Dogo ya gyaɗa kai. Aka bar maganar a nan, amma an ga tsohon ya gyara tsayuwa.

Saura abu ɗaya. Ba a ɗaukar hoton kofato yana ƙasa, sai an ɗora shi a kan katako mai kauri, ita ma ɗaya ƙafar a ɗora ta a kan irinsa don dabbar ta tsaya daidai. Likita ta buɗe bayan mota, ta tuna katakanta biyu suna can wani barga da ta je jiya. Layin masu katako ne, amma ranar hutun kasuwa ce, ko'ina a kulle. Suka gwada bulo, ya yi tsawo. Suka gwada murfin akwati, ya lotse.

Sai uwargida ta shige kicin, ta fito da katakon da take yanke-yanke a kansa. Mai kauri ne, baƙin itace, tsakiyarsa ya ɗan yi kwari saboda wuƙa. Mai Kofato ne ya sassaƙa mata shi a shekarar farko ta aurensu, lokacin da in ya ce "to" ana ganin abu.

"Guda biyu ake so," ya ce a hankali.

"Ina ji. Ba ka da zarto ne?"

"Uwar Auta, katakon nan..."

"Goɗiyar ƙanena ce. Yanka. Amma kafin Juma'a ina son sabo."

"To."

Ta dube shi. Ya ce, "To na gaskiya."

Ya ja layi da fensir a tsakiya, ya raba shi biyu. Rumfa ta cika da ƙamshin albasar shekara arba'in. Ya fafe 'yar hanya a rabi ɗaya inda gindin tsinken zai zauna ba tare da an danne shi ba. Likita ta ce tana son wata alama ta ƙarfe a tafin kofaton, wadda za ta fito a hoto, don a auna daga gare ta. Ya zuba hannu cikin gwangwani, ya zaɓo wani guntun kan ƙusa, ya ce wannan daga ƙafar dokin mai burodi ya fito shekarar da aka haife ta. Aka wanke shi aka manna da filasta.

Ta kori uwarta zuwa cikin gida, ta ba mazan biyu rigunan dalma masu kare jiki daga hasken na'urar. Ta Dogo ta sauko masa har ƙwauri, nauyinta ya sa ya ƙara gajarta.

"Wannan abin yana ganin cikin mutum?" ya tambaya.

"In ka tsaya a gabansa."

"Har abin da mutum ya ci?"

"Har ƙaryar da ya yi da safe. Riƙe linzami, Kawu."

Ta zura tsinken har iyakar filasta, aka ɗora ƙafafun a kan katakan. Uban ya riƙe faifan da doguwar mariƙa, ya jingina shi a gefen kofato. Na'ura ta yi ɗan ƙara, ƙit. Shi ke nan. Ya jira ya ji wani abu, bai ji ba. Ta zagaya ta ɗauki wani ta gaba, ƙit. Ta zare tsinken, ta ɗora kwamfutar a kan maƙera, su uku suka sunkuya.

Mai Kofato ya ga ƙasusuwan kofato da yawa a rayuwarsa, amma duk na matattu. Yau ga na mai rai, fari sol a cikin duhu, yana zaune a gidansa, ga gaɓa, ga ƙaramin ƙashin baya, ga kan ƙusar mai burodi yana haske a ƙasa. Ya ƙara matso da fuskarsa.

"Shekara arba'in ina ƙwanƙwasa ƙofar nan," ya ce. "Ashe haka ɗakin yake."

Tsinken ya fito kamar zaren haske. Ya shiga ta gefen tsokar tsakiya, ya karkata. Likita ta bi shi da yatsa. Gaba ya nufa, ba baya ba. Ya tsaya dab da gefen babban ƙashi, kuma a kusa da tsininsa akwai wani baƙin tabo kamar ƙwayar wake, inda iska da mugunya suka taru. Tsakanin hanyar ƙusa da jakar ruwan nan, ta auna, bai fi faɗin ƙaramin yatsa ba.

"Kawu," ta ce, "ta kuskure."

Dogo bai gane ba sai da ta maimaita. Sannan ya juya ya kifa goshinsa a wuyan goɗiyar, ya daɗe a haka, wai yana gyara linzami.

Mai Kofato yana nan a sunkuye. Ya dubi inda ya so ya bi da wuƙa. Ya dubi gaɓar da ke kwance a wurin. Ya shafa gemu sau biyu.

"A dunduniya fa ta zabura," ya ce daga baya. "Goɗiyar nan ƙarya ta yi mini."

"Au, doki ya koyi ƙarya?" Uwargida ta dawo bakin ƙofa. "A wajen wa?"

"Ba ƙarya ta yi ba, Baba. In ƙafa ta kwana huɗu tana ciwo, ko'ina ka taɓa kuka za ta yi." Ta auna a fuskar kwamfuta daga kan ƙusar mai burodi zuwa baƙin tabon, ta sauko ta auna daidai haka a tafin kofato, ta ɗiga alama da alƙalami. Sannan ta miƙa masa wuƙa. "Nan. Kada ya fi faɗin farcenka. Ni in na yanka sai na yi rijiya."

Ya karɓa. Wannan aiki ne da hannu ya sani, kuma yau kai ya san inda hannu za shi. Ya yi ta sharewa siriri-siriri, yana hurawa, yana dubawa. Dogo ya matso, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa kofaton.

"Ja baya, Dogo."

"Ina son in gani da idona."

Ya kuwa gani. Wuƙa ta taɓa wurin, abin da ya kwana huɗu yana neman hanya ya samu. Rigar dalma ta kare ƙirjin Dogo, amma ba a yi ta don gemu ba. Warin ya kori uwargida, ta rufe 'yar ƙofa a karo na farko cikin shekaru. Sai-Anjima ta ja dogon numfashi, ta sauke kunnuwa.

Likita ta wanke ramin, ta cusa auduga mai magani, ta yi allurar kashe ƙwayoyin cuta da ta rigakafin ciwon da ke kama wanda ya taka ƙarfe mai tsatsa. Shi kuma ya hura wuta, ya ƙera wa goɗiyar takalmi mai murfin ƙarfe a ƙasa, da noti huɗu, yadda za a kwance a wanke ciwon a mayar ba tare da datti ya shiga ba. Kafin la'asar ta taka ƙafar. Kafin magariba ta cinye abincin jiya da na yau.

Bayan mako bakwai Dogo ya dawo da ita hankalinsa a tashe, ya ce har yanzu ba ta sauri. Aka ɗora ta a kan rabin katakon uwargida, aka sake hoto. Baƙin tabo ya ɓace, gefen ƙashi lafiya lau.

"Kawu, ƙafa ta warke. Wannan da ya rage nata ne na gado, ba ya fitowa a hoto."

Tun daga ranar Mai Kofato bai sake zare ƙusa ba sai an yi hoto. Ba don hannun ya shiryu ba. Awartakin ya mayar can bayan maƙera, ya rataye shi a inda sai ya taka kujera zai kai, don kafin ya hau ya sauko kai ya cim ma hannu. In mai doki ya ce a cire mana, sai ya ce, "Likitarmu tana hanya." Gwangwani kuwa ya ci gaba da ci, sai dai yanzu bayan hoto, kuma kowace da zanenta.

Juma'ar nan ta zo ta wuce. Ba wai bai yi katakon ba. Ya yi, mai kyau, ya goge shi sumul. Ranar da zai miƙa, aka kawo wani ingarma mai faɗin kofato da ya fi ƙarfin tsofaffin rabin nan biyu, sai aka ja layi da fensir. Na biyu ya tafi a kan wani jaki. Na uku wata abokiyar aikin Likita ta gani ta yaba ta tafi da shi, don ya koyi binne siririyar waya a saman katako yadda layin ƙasa zai fito a hoto. Shekara shida uwargida tana yanka albasa a bayan faranti, da ƙarfi, yadda za a ji a rumfa. Auta ta sayo mata na roba. Ta rataye shi a bango, ta ce ba ita ta ce "to na gaskiya" ba.

A damina ta bakwai ya samo wani baƙin itace irin na farko. Ya ce wa Auta, a gaban uwarta, wannan ko dokin waye ya zo kada ta dube shi. Ya matse shi a kan benci, ya goge fuska ɗaya har tana ɗaukar ido, ya huda ramin rataya a kusurwa. Ya ce gobe zai juya shi ya yi ɗaya fuskar. Da safe zazzaɓi ya hana shi fitowa, kuma bai sake fitowa ba. Sai-Anjima ce ta kawo bencinan da masu gaisuwa suka zauna a kai, ta iso bayan rabinsu sun tashi.

Da aka kwana biyu, Likita ta shiga rumfa ta kwashe kayan aiki. Ta bar gwangwanin a inda yake. Da ta zo wajen benci, ta kwance katakon ta juya shi. A fuskar da ba a goge ba, daga gefe zuwa gefe, daidai tsakiya, akwai layin fensir.

Ta yi sauri za ta kife shi, sai ta ji motsi a bakin 'yar ƙofa.

"Na gani tun ranar," in ji uwar. "Mayar da shi yadda ya bar shi. Ki matse da kyau, kada ya faɗi."